Tafiyar dogon zango a kan babur

Tafiyar dogon zango a kan babur ita ce mahayi ya yini ko ya kwana biyu yana tuƙi, ya ci ɗaruruwan kilomita ba tare da dogon hutu ba. A wasu ƙasashe ta zama wasan gwada juriya. Ƙungiyar Iron Butt Association ta Amurka tana ba da takardar shaida ga wanda ya yi mil 1,000, wato kusan kilomita 1,600, cikin awa 24. A Najeriya an fi tunawa da Kunle Adeyanju, wanda ya tuƙo babur daga Landan har Legas a 2022 don wayar da kai kan cutar shan inna. A jihar Kaduna kuwa, yawancin masu irin wannan tafiya neman abinci ne ya fito da su: 'yan acaɓa, 'yan kasuwar ƙauye da masu zuwa ganin gida, a kan ƙananan babura irin su Bajaj Boxer.

Jikin mahayi ya fi injin saurin gazawa. Rawar kan babur takan sa yatsu su sage, ƙugu da wuya su riƙe. Iska tana busar da gumi nan take, don haka mutum ba ya sanin ruwan jikinsa ya ja baya sai kai ya fara sara masa. Mafi haɗari shi ne gyangyaɗi. Babur mai gudun kilomita 80 a awa yana cin fiye da mita 22 a kowace daƙiƙa, ke nan lumshe ido na daƙiƙa uku ya isa ya kai mutum jeji ko ƙarƙashin babbar mota. Goro da shayi suna ɗan jinkirta barci, amma barci ɓarawo ne. Tramadol da wasu ke haɗiya don su daure ya fi muni, domin yana dusashe hankali, yakan kuma jawo farfaɗiya.

Kowane lokaci na shekara da irin wahalarsa. Da hunturu, mai sammako daga Kawo a garin Kaduna ya nufi Zariya zai ji hannunsa ya ƙandare har ya kasa matsa birkin gaba da kyau, ga hazo ya rufe hanya. Zafin bazara kan sa wasu su cire hular kwano su rataye, duk da cewa hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sa ta tun 2009. Da damina ruwa yakan shafe ramuka, ba a gane zurfinsu sai taya ta faɗa.

Babbar hanyar Abuja zuwa Kano, wadda ta ratsa Kaduna da Zariya, ta tireloli ce da tankokin mai. Iskar tirela kaɗai tana iya jefa ƙaramin babur gefe, kuma a wurare irin Mararrabar Jos da Tafa, inda manyan motoci ke jeruwa a bakin titi, hanya takan tsuke. Sai batun tsaro. Hare-haren 'yan bindiga, musamman a hanyar Birnin Gwari, sun sa mahaya auna tafiyarsu da rana: a fita bayan asuba, a sauka kafin magariba. A 2021 gwamnatin jihar ta taɓa hana hawan babur gaba ɗaya na wani lokaci saboda wannan matsala.

Shi kansa baburin, iska ce ke sanyaya injinsa, saboda haka dogon gudu da kaya yana sa shi zafi, sai an tsaya ya huce. Sarƙa tana saki, baƙin mai yana ƙonewa. Tsofaffin hannu ba sa tashi babu tiyub, fulogi, famfo da sifana, domin mai faci yana da nisa a daji. Sukan kuma cika tanki a gari, saboda man 'yan bumburutu ya fi tsada, wani lokaci ma gauraye yake.