Jinotayif: Daga Takardar Aure Zuwa Hantar Raƙumi

Tun da Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, wadda ta jera jinotayif da ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau a takarda guda, kalmar jinotayif ta shiga bakin kowa, har a nan Zariya inda dokar ba ta hau kanmu ba. Waliyyi yakan tambaye ta kafin a sa rana, kuma ana samun dattijuwar da ba ta taɓa zama a aji ba amma ta san AS da AS ba su dace ba. Wannan ci gaba ne, ba ni da ja. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani shirin lafiya da na saurara a rediyo, inda likitan dabbobi ya ce ƙwayar cutar hanta nau'in E tana da jinotayif takwas, wasunsu a jikin dabbobin kiwo. Da mai gabatarwa ya zo taƙaitawa, sai ya shaida wa masu sauraro cewa ashe dabbobi ma suna da AA da SS, kuma masu wani irin jini ne cutar take kamawa. Lokaci ya ƙure, ba wanda ya gyara masa.

Kalmar ba a asibiti aka haife ta ba, a gonar wake ta samo asali. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Denmak, Wilhelm Johannsen, shi ya fito da ita a 1909, bayan ya shafe shekaru yana shuka wake yana auna nauyin ƙwayoyinsa. Ya lura cewa waken da ya fito daga tsatso ɗaya yakan bambanta a girma, gwargwadon ƙasa da ruwan da ya samu, amma idan aka sake shuka babbar ƙwaya da ƙarama, matsakaicin abin da za su haifa ɗaya ne. Sai ya raba abin da ido ke gani da abin da ke rubuce a cikin irin, na biyun ya kira shi jinotayif, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin asali da tambari. Duk manomin da ya taɓa zuwa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru neman irin wake ya riga ya san wannan, ko da bai san sunansa ba. Ya san cewa nau'o'in SAMPEA duka wake ne, amma wani ya fi saurin nuna, wani ya fi jure wuta-wuta, kuma ba taki ne ya sa masa wannan halin ba. A ganina da tun farko an ce mana "iri", da ba mu shiga wannan ruɗani ba, domin babu Bahaushen da zai ji an ce irin gero ya zaci ana maganar jininsa. AA da AS da SS bayani ne a kan gurbi ɗaya tak cikin gadon halittar mutum, wanda ya shafi jan jini. Mun ɗauki ɗaki guda mun ba shi sunan gidan duka.

Saboda haka idan aka ce jinotayif na ƙwayar cutar hanta E, irin ƙwayar ake nufi, ba jinin mai ɗauke da ita ba. Rubutun halittarta bai wuce haruffa kimanin 7,200 ba, kuma duk lokacin da ta kwafi kanta takan yi 'yan kurakurai, waɗanda suka taru a tsawon zamani har zuriyar ta rabu gida takwas. Na 1 da na 2 mutane suke kamawa, ta hanyar ruwan sha da bayan gida ya gurɓata. Na 3 da na 4 mazauninsu aladu ne na gida da na daji, ana kuma samun reshen na 3 a zomaye, kuma suna tsallakowa zuwa mutum ta nama ko hantar da ba ta dahu ba. Na 5 da na 6 a aladun dajin Japan aka gan su. Na 7 a raƙuma masu tozo ɗaya aka gano shi a Dubai a 2014, na 8 kuwa a raƙuma masu tozo biyu na ƙasar Sin. Lambobin nan ba matakan tsanani ba ne, kamar yadda harafin E ba ya nufin cutar ta fi B muni. Jerin sunaye ne kawai.

Kuskure na biyu ya fi na farko haɗari, kuma masu ilimi ne suka fi faɗa masa. Da zarar an ambaci alade, sai wani ya kaɗa riga ya ce wannan ba tamu ba ce. Gaskiya ne tun 1997 da aka gano ƙwayar a aladu a Amurka an tabbatar su ne babbar ma'ajiyarta a cikin dabbobi, kuma abin da ke wahalar da likitoci shi ne aladen ba ya nuna alamar ciwo: yana kamuwa yana ɗan wata biyu zuwa huɗu, ya yi ta zubar da ƙwayar a kashinsa yana cin abincinsa lafiya lau. Amma ɓarkewar da aka yi a Difa ta Jamhuriyar Nijar da Ngala ta Jihar Borno a 2017 a sansanonin 'yan gudun hijira aka yi ta, kuma ruwa ne ya raba ta, ba nama ba. Irin da ke bin ruwa shi ne mai kashe mata masu juna biyu, har yakan ɗauke kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar na waɗanda ya kama a watannin ƙarshe na ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 44,000 ne cutar ta kashe a 2015. Mu da muke haƙa rijiya taku kaɗan daga masai, muke kuma kiran duk wani rawayan ido shawara mu nufi mai saiwa, ba mu da hujjar jin cewa mun tsira. Raƙumi kuma namansa halal ne, ana sayar da nononsa a matsayin magani, kuma a 2016 an ba da rahoton wani mutum a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da aka yi wa dashen hanta, mai yawan cin naman raƙumi da shan nononsa, wanda aka samu iri na 7 a jikinsa.

Batun shanu da awaki da tumaki yana buƙatar taka-tsantsan. Sau da yawa abin da ake samu a jininsu alamar garkuwa ce, wato shaidar cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ko wata mai kama da ita, ba ita kanta ƙwayar ba. Sawun kura daban, kura daban. Ba a iya faɗin jinotayif daga sawu, sai an kama ƙwayar an karanta haruffanta, aikin da ya fi gwajin garkuwa tsada da wahala. Don haka duk wanda ya ce kaso kaza na awakin wani gari suna ɗauke da cutar, ya kamata a tambaye shi wanne daga cikin gwaje-gwajen biyu ya yi kafin a tayar wa mahauta da hankali a kwata.

Duk da wannan rabe-raben, garkuwar jikin mutum kallon abu ɗaya take yi wa manyan ire-iren da ke kama mu, shi ya sa rigakafin Hecolin, wanda Sin ta amince da shi a 2011 kuma aka gina shi a kan iri na 1, ya kare mutane a yankin da iri na 4 ya fi yawa. An kuma yi amfani da shi a sansanin Bentiu na Sudan ta Kudu a 2022. Wuta ma ba ta tambayar lamba: zafin digiri 71 na tsawon minti 20 a tsakiyar nama yana kashe ƙwayar. Hantar da mai tsire ya juya sau biyu a kan garwashi ya miƙo da sauran ja a cikinta ba ta kai wannan ba.