Waiwaye: Yadda ake yanke hukuncin cewa manhaja ta isa a dogara da ita

Duk mai kula da kwamfutocin wani ofishi a Abuja da ya ɗora musu Debian, wani tsarin sarrafa kwamfuta na Linux, ya san ƙorafin da ke biyo baya, wato manhajojin sun tsufa. Tsufan nan da gangan ne, kuma yana da tarihi.

Ian Murdock ya kafa Debian a 1993, kuma a shekarun farko rassa biyu ne ginshiƙin aikin: wanda ake zuba sabbin ƙunsoshi (manhajojin da aka shirya don ɗorawa a kwamfuta) a kullum, da tabbatacce wanda jama'a ke dogaro da shi. A shekarar 2000 aka shigar da reshen gwaji a tsakani, tare da wata manhaja mai suna britney da ke tsaron ƙofa. Ƙa'idarta a lokacin ita ce kafin ƙunshi ya shiga reshen gwaji sai ya yi kwana 10 ba a kawo rahoton babbar matsala a kansa ba, kuma kada shigarsa ta karya wani ƙunshin. Hakan bai kawo sauri nan take ba, domin tsakanin fitowar tabbataccen bugun Debian mai suna Woody a 2002 da ta na gaba, Sarge, a 2005 sai da aka kwashe kusan shekara uku ana jira.

Gentoo, wani tsarin Linux na daban, ta ɗora nauyin a kan mutane. Ƙunshi yakan zauna kimanin kwana 30 da alamar gwaji, sannan mai kula da shi ya nemi ƙungiyar kowane nau'in na'ura ta gwada ta sa hannu. Da masu sa kai suka yi ƙaranci, buƙatu suka taru, wasu har watanni, sai aka sauke tsofaffin nau'o'i irin su m68k daga jerin tabbatattu, aka kuma ƙirƙiro alamar ALLARCHES domin gwaji a na'ura guda ya wadatar wa ƙunshin da bai damu da nau'in na'ura ba. A 2020 aka kawo manhajar NATTkA don ta riƙa tantance buƙatun da kanta.

A ganina, raunin tsohon tsarin shi ne ɗaukar shiru a matsayin shaida, alhali ƙunshin da babu wanda ya taɓa shi ma shiru zai yi. Wani kuskure a ƙunshin Debian na OpenSSL, manhajar tsaron sadarwa, ya shiga a 2006, ya ratsa duk matakan har cikin tabbataccen reshe, ba a gano shi ba sai a Mayun 2008. Irin wannan giɓi ne gwajin na'ura ya zo cikewa: tsarin Linux na openSUSE na amfani da manhajar gwaji ta openQA, na Fedora ya haɗa ƙuri'un masu gwaji a dandalinsa na Bodhi da gwaje-gwajen atomatik, Debian kuwa tun 2018 tana rage kwanakin jira ga ƙunshin da ya ci jarrabawar atomatik ta autopkgtest.

Sai dai a Maris na 2024 jiran ya nuna amfaninsa. Ƙofar sirrin da aka dasa a manhajar matse fayil ta xz, bugu na 5.6.0 da 5.6.1, ta wuce gwaje-gwajen na'ura, kuma mutum guda ne, Andres Freund, ya lura cewa shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, na cin ƙarfin kwamfutarsa fiye da kima. A lokacin ta riga ta kai reshen gwaji na Debian da Tumbleweed na openSUSE, amma ba ta kai tabbataccen reshen da ofisoshin namu ke amfani da shi ba.