Ma'anar "Mokumentari", da Yadda Ɗalibi Zai Nemi Tsokacin 'Yan Uwansa a Kan Nasa

Ɗalibin da ke koyon aikin jarida a Kadpoly (Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna) ko KASU (Jami'ar Jihar Kaduna), ko mai karatun wasan kwaikwayo a ABU Zariya, zai iya cin karo da kalmar mokumentari idan aka zo maganar aikin fim na ƙarshen zango. Aro ce daga Turanci, an haɗa kalmomi biyu ne: ta farko tana nufin kwaikwayo ko shaguɓe, ta biyu kuma ita ce dokumentari, wato shirin da ake ɗauka kan mutane da al'amura na haƙiƙa. Mokumentari ƙirƙirarren labari ne da aka sa wa rigar shirin gaskiya. 'Yan wasa ne, labarin a tsare yake, amma ɗauka da hira da muryar mai sharhi duk irin na ɗan jarida ne.

Salon ya girmi sunan. Ranar 1 ga Afrilu, 1957, shirin Panorama na BBC ya nuna wani iyali a kudancin Siwizalan suna tsinkar taliya daga rassan bishiya suna shanyawa, Richard Dimbleby kuma yana sharhi da muryar da ya saba karanta manyan labarai. Mutane suka riƙa kiran gidan talabijin ɗin suna tambayar yadda za su shuka tasu. Sunan kuwa ya bazu ne bayan fim ɗin This Is Spinal Tap na darakta Rob Reiner a 1984, wanda ya bi wata ƙungiyar mawaƙa da babu ita a duniya.

Bambancinsa da barkwancin da muka saba gani a nan yake: ɗan barkwanci yana nuna maka cewa wasa yake, da gatsine da ɗaga murya. Ɗan wasan mokumentari ba ya yi. A ce ɗalibai sun shirya fim kan wani mai shayi a Tudun Wada da ya sa a ransa zai wakilci Najeriya a gasar shiƙar shayi ta duniya. Kyamara na biye da shi da asuba yana atisaye da kofuna biyu, ana hira da yaronsa mai soya ƙwai, ana hira da wani ɗan acaba da ya zama kocinsa. Babu wanda ya murmusa. Abin dariyar yana cikin tazarar da ke tsakanin abin da mutumin yake faɗa da abin da ido yake gani: yana cewa shekara biyu bai zubar da ɗigo ko ɗaya ba, kyamara ta sauka a hankali kan rigarsa da ta jiƙe sharkaf.

Kayan aikin salon sanannu ne. Mai magana ba ya kallon idon kyamara, yana kallon mai tambaya da ke zaune dab da gefenta. Sunansa da muƙaminsa suna fitowa a rubuce a ƙasan allo. Kyamara a hannu take, tana ɗan girgiza, wani lokaci ta makara wajen kamo abin da ya faru. Ana cusa hotunan cike giɓi, kamar tururin tukunya ko wucewar keke napep, yayin da hira ke tafiya. Ana kuma barin shiru na daƙiƙa biyu ko uku bayan wani ya yi katoɓara, kuma wannan shirun shi ne ɗalibai suka fi yankewa wajen tacewa, alhali a cikinsa dariyar take.

To me ya sa irin wannan fim ya fi sauran buƙatar idon wasu? Saboda wanda ya rubuta shi ba zai taɓa iya kallonsa da idon baƙo ba. Ya san ƙarya ce tun daga daƙiƙar farko, ya kalli kowace fitowa sau talatin a kwamfuta har ta daina ba shi dariya. Abubuwa biyu da fim ɗin ya dogara a kansu, wato ko mai kallo ya gaskata da farko, da ko ya gano wasan a daidai inda ake so, ba a iya auna su sai a fuskar wanda bai san komai ba.

Shi ya sa zaɓen masu kallo yake gaba da komai. Mutum shida zuwa takwas sun isa. Rabinsu su zama 'yan aji da suka san ɗauka da tacewa, sauran kuma daga wani sashe, waɗanda ba su karanta labarin ba kuma ba su je lokeshin ba. Wanda ya fito a fim ɗin, ko amininsa, ba ya cikin lissafi, don shi Sani ɗan ajinsu yake yi wa dariya, ba mai shayin ba. Wannan ne yake yaudarar ɗalibai da yawa: ɗaki ya ɗauki shewa ranar gwaji, ranar da malamai suka kalla kuma tsit.

A nuna tacewar farko, lokacin da an jera fitowa duka amma ba a gyara launi ba, ba a zuba kiɗa na dindindin ba. Idan aka jira sai an gama komai, darakta ba zai yarda ya cire fitowar da ya kwana uku a kanta ba. A kalla tare a ɗaki ɗaya da lasifika mai kyau. In dole sai an tura, a sa shi a YouTube a ɓoye ko a Google Drive, ko a tura ta WhatsApp a matsayin fayil, domin turawa kai tsaye tana rage ingancin hoto, sai a yi ta kushe abin da ba laifin mai ɗauka ba ne.

Kafin a kunna, kada darakta ya yi jawabi. "Ga fim na minti tara, ku kalla" ya wadatar. Ya zauna a baya da biro, yana rubuta minti da daƙiƙar da aka yi dariya, da inda wani ya laluba wayarsa. Ana gamawa, kafin kowa ya buɗe baki, a raba takarda kowa ya amsa shi kaɗai, don da zarar mai baki ya fara magana sauran bin sa za su yi. Tambayoyin kada su wuce biyar. Faɗi labarin a jimla biyu. A wane minti ka gane shiri ne? Wa ka fi gaskatawa, wa kuma ka ga wasa yake? Ina hankalinka ya tafi? Wa kake ganin fim ɗin yake yi wa shaguɓe? "Ya yi kyau?" ba tambaya ba ce a wajenmu, kara ba za ta bar kowa ya ce a'a ba.

Tambaya ta biyu ita ce ma'aunin zafi. Idan kowa ya gane a daƙiƙa ashirin na farko, yawanci wani ɗan wasa ne ya wuce gona da iri, ko an sa kiɗan barkwanci. Idan kuma har ƙarshe wasu ba su gane ba, abin mamakin bai hau mataki-mataki ba, ya tsaya inda ya fara. Ta ƙarshe kuwa ita ce ta amana. In masu kallo suka ce talaucin mai shayin ko karin harshensa ake yi wa dariya, alhali ɗalibai son girma da kurin banza suka nufa, to kibiyar ta kauce, kuma gyaranta sai an koma kan fitowar da kanta.

Wajen tattaunawa akwai tsarin da Liz Lerman, wata mai tsara raye-raye, ta fito da shi a Amurka a 1990, kuma ya dace da ɗalibai. Masu kallo su fara faɗin abin da ya tsaya musu a rai. Sai darakta ya yi nasa tambayoyin. Sai su tambaye shi ba tare da cusa hukunci ba: "Me ya sa ka zaɓi wannan kiɗan?" maimakon "Wannan kiɗan ai bai yi ba." A ƙarshe mai ra'ayi ya nemi izini kafin ya faɗa. Darakta ya rubuta, kada ya kare kansa, domin ranar da fim ya fita ba ya nan balle ya yi bayani. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Ba kowane tsokaci ake ɗauka ba. Abin da mutum uku suka nuna a wuri guda matsala ce, ko da maganin da suka kawo bai yi ba. Ƙorafin da ya fi yawa shi ne na sauti, kuma kullum da gaskiyarsa. Girgizar hoto ana yafe ta a wannan salo, amma maganar da ba a ji ba ta mutu. A maƙala ƙaramin makirufo a wuyan riga, kimanin taƙi ɗaya daga baki, a nisanci janareta, a kuma naɗi daƙiƙa talatin na amon wurin ba tare da magana ba, don toshe ramukan da yanka ke bari.

Sai batun fita da fim ɗin. Guntun daƙiƙa arba'in da aka yanko ya shiga WhatsApp ba tare da farko ko ƙarshe ba, labarin ƙarya ne a idon wanda ya same shi, kuma Kaduna gari ne da jita-jita kan addini ko ƙabila ba ta zama wasa. A tambayi masu kallo kai tsaye wace fitowa ce za ta yi ɓarna idan ta fita ita kaɗai. Kada a ari tambarin wani gidan talabijin na gaske ko sunan wata hukuma. Duk mutumin titi da fuskarsa ta fito sosai a gaya masa fim ɗin ƙirƙira ne, a karɓi amincewarsa a rubuce. Kwafin gwaji kuma a buga masa "ƙirƙirarren labari, aikin ɗalibai" a kusurwar allo daga farko har ƙarshe, yadda duk inda aka yanka rubutun zai bi shi.