Digiri na biyu a zanen gine-gine: tambayoyin ɗaliban karkara

Wanda ya gama digirin farko ba akitek ba ne?

A'a, da saura. A Najeriya digirin farko yawanci shekara 4 ne, sai a ƙara na biyu, yawanci shekara 2. Bayan nan mutum ya yi aiki a ƙarƙashin akitek mai rajista, ya ci jarrabawar ƙwararru, sannan ARCON, hukumar rajistar akitek ta Najeriya wadda aka kafa a 1969, ta yi masa rajista. Kafin nan, ko da mutanen gari suna ce masa injiniya, doka ba ta san shi a matsayin akitek ba.

A ina ake yi?

Da yawa daga cikin waɗanda suka fito daga BUK ko jami'ar Wudil kan nufi ABU Zariya, inda sashen ya fi kowane daɗewa a ƙasar nan.

Ɗalibi yana da ta cewa kan abin da zai karanta?

Sosai ma, kuma nan ne bambancin yake. A digirin farko malami ne ke kawo aiki. A na biyu kuwa, rabin karatun yana kan aikin ƙarshe ne, wato zane da kundin bincike, kuma ɗalibi ne ke kawo maudu'i ya kare shi gaban malamai. Abin takaici, da yawa kan zaɓi otal ko katafaren kanti mai gilashi, alhali ba su taɓa kwana a irinsa ba.

To ɗan Ringim ko Auyo me zai zaɓa?

Abin da ke rushewa a gabansa. Ambaliyar 2022 ta kwantar da gidajen ƙasa a yankin Haɗeja, kuma duk wanda ya duba ya ga daga ƙasa katanga ke fara cinyewa, ruwa ya jiƙa gindi har tubali ya saki. Wannan tambaya ce ta digiri: tsayin tushe nawa ya kamata, wane haɗi na ƙasa da siminti ne talaka zai iya saya, ina indararo zai zubar da ruwa don kada ya koma gindin gini? A je wurin tsofaffin magina a tambayi yadda ake haɗa makuba daga kwasfar ɗorawa, da yadda ake jera azara a ɗaure bakan gizon rufin soro. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 da irin wannan ilimi ya tsaya.

Malamai za su karɓi irin wannan?

Za su karɓa idan akwai awo da zane. Labarin kaka kawai ba ya wucewa. Ka auna kaurin katanga da tef, ka ɗauki zafin soro da na ɗakin kwano da azahar a watan Afrilu, ka kai wa mai duba aikinka alƙaluman tun zangon farko.