Ma'anar "tasha" a Wi-Fi da yadda na'urori ke rabon iska

Sau da yawa za ka ga sandunan sigina cike a waya, amma shafi ya ƙi buɗewa. Ba kullum ne laifin kamfanin intanet ba. Wani lokaci tashar ce ta cunkushe.

Tasha wani yanki ne na zangon rediyo wanda rauta, wato akwatin da ke raba Wi-Fi, da na'urorin da ke jone da ita suke magana a kansa. Zangon gigahaz 2.4 (gigahaz da megahaz ma'aunin zangon rediyo ne) an yanka shi tasha-tasha, daga 1 zuwa 13 a ƙasashe da dama, a Amurka kuwa a 11 aka tsaya. Tazarar kowace tasha da maƙwabciyarta megahaz 5 ce kacal, alhali sigina ɗaya na cin faɗin megahaz 20 zuwa 22. Ka ga dole su hau kan juna. Shi ya sa ake riƙe 1 da 6 da 11, don su ne ba sa taɓa juna.

A kan tasha ɗaya, galibi na'ura ɗaya ce ke magana a lokaci guda. Biyu suka aika tare, saƙonnin sun yi karo, sai a sake. A tsohon tsarin kebul na Ethernet, na'ura na jin karon tana cikin aikawa, sai ta dakata. A iska hakan ba ya yiwuwa, domin ƙarfin muryarta na toshe mata kunne. Don haka ƙa'idar Wi-Fi mai suna 802.11, wadda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar a 1997, ta ɗauki dabarar kauce wa karon tun bai faru ba, ita ake kira CSMA/CA.

Na'ura za ta fara kasa kunne. In wani na magana, ta jira. Da an yi shiru ba ta afkawa nan take, sai ta zaɓi lamba da ka tsakanin 0 da 15, ta yi ta ragewa ɗaya-ɗaya, kowane taki kashi 9 cikin miliyan na daƙiƙa. Wani ya riga ta, ta tsayar da ƙirgen har ya gama. Ta kai sifiri, ta aika, sannan ta jira amsar cewa saƙo ya iso. In amsa ba ta zo ba, ta ɗauka an yi karo, ta faɗaɗa zaɓin zuwa 31, sai 63, har 1023. Yawan na'urori, yawan karo, yawan jira.

Abin da ake rabawa ke nan: lokaci. Wayar da ke can ƙuryar gini tana iya saukowa zuwa gudun megabit 6 a daƙiƙa, kuma duk tsawon lokacin da take jan saƙonta, kwamfutar da ke gefen rauta jira take. Akwai kuma na'urori biyu da duk suna jin rauta amma ba sa jin juna saboda bango ko nisa. Kowace na zaton shiru ne, sai su aika tare. Maganinsa tsarin RTS/CTS, inda ake neman izinin rauta kafin a aika.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gudu zuwa tasha 3 ko 4 don an ga babu kowa. Wannan ya fi muni. Rautoci biyu a tasha ɗaya suna fahimtar juna, suna bin layi. Wadda ke rabin hanya kuwa hayaniya kawai take zuba wa 1 da 6, su ma su zuba mata.

A shiga saitin rauta, a zaɓi wadda ta fi sauƙin cunkoso cikin tashoshi 1 da 6 da 11, a bar faɗi a megahaz 20. A nesanta rauta da injin ɗumama abinci na maikirowef, don shi da Bluetooth duk a zangon gigahaz 2.4 suke. Na'urar da ke kusa a mayar da ita zangon gigahaz 5: tashoshi sun fi yawa a can, sai dai bango ya fi raunana siginar.