Ba Kowane Mutum-mutumi Ne Ɗaga Hannu Ke Tsayarwa Ba

An daɗe ana cewa mutum-mutumin masana'anta yana ganin ma'aikaci, in ka ɗaga masa hannu zai tsaya kamar direban tarakta a fadamar Argungu. Ba laifin masu faɗa ba ne, haka bidiyo ke nunawa.

Tun 1961 da aka fara amfani da su a masana'antar motoci a Amurka, mafi yawansu ba su da ido. Hannun ƙarfe ne mai maimaita motsin da aka tsara masa, shi ya sa ake kewaye shi da shinge. Masu karanta ishara akwai su, amma da kyamara suke aiki, kuma alamu ƙalilan da aka koya musu kawai suke ganewa, kamar buɗaɗɗen tafin hannu. Ƙura, ƙarancin haske, ko hannun riga mai faɗi na iya rikita su. Wannan ne ke damuna game da matasanmu masu neman aiki a injinan shinkafa.

Ka duba ko akwai kyamara, ka tambayi mai kula da injin, ka karanta littafinsa. Ka nemi jan maɓallin tsayarwar gaggawa tun ranar farko.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa.