Bilbil

Bilbil giya ce ta dawa da ake dafawa a gida a arewacin Kamaru da kudancin Cadi. A Cadi an fi kiranta bili-bili. Ita ce dai Hausawa ke ce wa burkutu, kuma danginsu ɗaya da dolo ta Mali da Burkina Faso da fito ta arewacin Ghana. Launinta ja ne mai duhu, ruwanta a gurɓace yake, tana da tsami-tsami, ana shan ta a ƙwarya tana kan kumfa. Ba ta ajiyuwa: in ta wuce kwana ɗaya ko biyu tsamin ya yi yawa, ta lalace.

Tupuri da Masa da Mundang da Giziga da Mafa da Kapsiki na cikin al'ummomin da suka shahara da ita. A wurinsu bilbil na shiga biki da makoki da aikin gayya da sadaukarwa ga kakanni. Kapsiki na duwatsun Mandara ma iri biyu suke yi: ja, wadda maza ke dafawa don al'adun gargajiya, da fara, wadda mata ke yi don kasuwa. Hausawa da Fulanin Marwa da Garwa da Ngaundere Musulmi ne, kuma Musulunci ya haramta duk abin da ke sa maye, saboda haka sana'ar ba tasu ba ce. Amma kasuwar hatsi ɗaya ce, kuma dawar da ke zama tuwo a wannan gida ita ke zama bilbil a wata unguwar.

Yadda ake dafa ta

Aikin kan ci kusan mako guda, kuma rabinsa a kan tsiro yake ƙarewa. An fi son jar dawar damina, wadda Fulani ke kira njigari, ko da yake ana yi da masakwa ma, wato muskuwari a Kamaru, berbere a Cadi. Ana jiƙa dawar, a tsame, a shimfiɗa ta a inuwa, a rufe da ganye ko buhu, ana yayyafa mata ruwa safe da yamma. Cikin 'yan kwanaki sai ta fito da farin saiwa, ta sarƙe da juna kamar tabarma. Daga nan a shanya ta a rana ta bushe ƙarau, a murje, a sheƙe, a kai niƙa.

Dalilin wannan wahala shi ne yis, wato ƙwayar halittar da ke mayar da ruwan zaƙi giya, ba ya iya cin sitacin da ke cikin ƙwayar hatsi, sukari yake ci. Idan ƙwaya ta fara tsira, takan samar da wasu sinadarai masu narka sitaci ya koma sukari don ciyar da ɗan tsiron. Mai dafa bilbil takan katse tsirar da zafin rana, ta riƙe waɗannan sinadarai don amfanin kanta. Duk macen da ta taɓa zuba garin tsiro ko ɗanyen dankali a kunun zaƙi, ta ga kunu mai kauri ya tsinke ya yi zaƙi, ta ga wannan aiki da idonta. Murjewar nan ma da hikima a cikinta, domin saiwa da ɗan ganyen tsiron dawa na ɗauke da wani sinadari mai sakin guba, irin wanda kan kashe dabbar da ta yi kiwo a gyauron dawa.

Daga nan sai matakin da ya fi nuna gwaninta. Ana dama garin da ruwa a babbar randa, a bar shi ya kwanta. A wurare da dama akan sa yauƙin karan kuɓewa ko ɓawon dargaza don garin ya sauka da wuri. Sai a tsiyaye ruwan sama a ajiye gefe, a ɗora kaurin da ya kwanta a wuta, ana juyawa da muciya har ya nuna, sannan a mayar masa da ruwan da aka ajiye. Sitacin dawa ba ya nuna sai da zafi mai yawa, fiye da na sha'ir, kuma wannan zafin kan kashe sinadaran da ake bukata. Raba ruwa da kauri shi ya warware matsalar: sitaci ya nuna a wuta, sinadaran kuma na can a ruwan sanyi ba abin da ya taɓa su. Matan da suka gano wannan ba su da ma'aunin zafi, da hannu da harshe da ido suka gano shi, kuma ilimi ne da ya cancanci a rubuta shi da sunan ilimi.

Haɗin kan kwana ya yi tsami, a tace, a tafasa ruwan zaƙin na sa'o'i, a bar shi ya huce, a zuba masa yis da aka ɗebo daga dahuwar baya. Kafin gari ya waye randa ta ɗauki kumfa. Dusar da ta rage abincin aladu da sauran dabbobi ce.

Kasuwa da matsaloli

A birane ana sayar da ita a gidajen da ake kira kabare, kuma mata da yawa da ita suke ciyar da gida da biyan kuɗin makaranta. Tana da araha sosai idan aka gwada da giyar kwalba, irin ta kamfanin Boissons du Cameroun (a da Brasseries du Cameroun), wanda aka kafa a 1948 kuma yake da masana'anta a Garwa, ko Gala ta garin Mundu a Cadi. Sai dai tana cin itace ƙwarai a yankin da itatuwa ke ƙaranci, tana kuma cin hatsi, abin da kan jawo muhawara a shekarar da damina ta gaza. Ya kamata a bambanta ta da arki, wanda ake ce wa arge a Cadi. Shi turara shi ake yi a tsiyaye, ƙarfinsa ya ninka na bilbil sau da yawa, ɓarnarsa ga hanta da zaman iyali kuma ta fi tsanani.

Haɗaɗɗen kayan dafa giya na Turai

A Turai da Amurka akwai masu dafa giya a gida don sha'awa. Birtaniya ta cire sharaɗin lasisi a 1963, a Amurka kuma Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta hakan a 1978. Masu fara koyo kan sayi haɗaɗɗen kaya: gwangwanin ruwan tsiron sha'ir mai kauri kamar zuma, an riga an sa masa furen hop mai ɗaci, da ƙullin yis. A narka shi da ruwan zafi, a ƙara sukari, a cika bokiti da ruwa zuwa lita 23, a rufe mako ɗaya ko biyu, sannan a ɗura a kwalabe. Jiƙo da tsiro da shanya da niƙa da dahuwa, duk masana'anta ta riga ta yi su, wato daidai inda aikin mai bilbil ya fi yawa. Irin wannan yis ɗin ya fi son zafin digiri 18 zuwa 24, alhali a Marwa da Njamena zafin watan Afrilu kan haura 40.